Takunkumin da Ba Na Sallau Ba

An yi wani mutum a wani gari, mai wankin hula, wanda wata ranar Talata likita ya gaya masa cewa numfashin matarsa yana yankewa sau arba'in a kowace awa idan tana barci. Mu kira shi Sallau. Ba sunansa ba ne, garin ma ba zan faɗa ba, kuma kafin in gama za ku gane dalili.

Ku saurara, har ku na baya. Wayar ba za ta gudu ba.

Matarsa, mu ce da ita Tabawa, tana minshari. Na ga wasu sun fara murmushi. To, ba irin wanda kuka sani ba ne. Nata yakan ratsa bango. Ta ja, ta ja, sai kuma ɗif, shiru, kamar an toshe tulu, har mai saurare ya fara salati, sannan ta fizgo numfashi da ƙarfi a sake sabon lale.

Sallau ba shi ne mijinta na fari ba. Na farin wata huɗu ya yi da ita ya sallame ta. Bai tsaya nan ba, sai da ya kai labarin teburin mai shayi, yana kwaikwayon sautin ana dariya. Ta koma gidan iyayenta, ko rijiya ba ta iya zuwa, don in ta wuce sai ta ji ana ja mata hanci a baya. Saboda haka da Sallau ya zo nemanta, ta tura gwaggonta ta gaya masa gaskiya tun wuri. Ya ce a faɗa mata shi a bakin tasha ya girma, ko tirela ba ta tashinsa daga barci.

Aka ɗaura aure. Ya ɗauke ta suka koma wani gari inda ba wanda ya san ta, suka kama ɗaki a gidan haya: ɗaki shida, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A ɗakin da ke jikin nasu akwai wani malamin makaranta, mai yawan karatu, mai kaifin baki. Irin mutanen nan da gara su rasa aboki da su rasa damar faɗin magana mai ban dariya.

Washegarin tarewarsu maza suna layin famfo, Sallau ya fito da buta. Malamin ya dube shi ya ce, "Malam Sallau, daren jiya tiya nawa ka niƙa? Da ka faɗa mana da mun kawo geronmu."

Aka kwashe da dariya. Tabawa tana bayan labule, tsintsiya a hannu, ta kasa motsi. Kalma guda Sallau zai faɗa, rayuwarta ta koma inda ta baro.

Sallau ya yi dariya shi ma. Ya ce, "Ku yi haƙuri da mu, Malam."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce ni ne ba, bai ce ba ni ba ne. Ƙarya bai yi ba, asiri bai tona ba. Kafin azahar malamin ya raɗa masa suna, Sallau Inji, kafin Juma'a unguwa ta ɗauka. Shekara ashirin da bakwai yana amsa sunan nan.

Kuna ganin abu ne mai sauƙi, ko? Dariya ce kawai, a yi a wuce. To ku saurara ku ji abin da ya ci masa. Mutumin da gari ya sani da minshari, alhali barcinsa shiru ne kamar na jariri, ba shi da ikon rintsawa a gaban kowa. Ya rintsa sau ɗaya, an gane. Saboda haka Sallau bai taɓa kishingiɗa a masallaci bayan azahar ba. Bai taɓa gyangyaɗi a mota ba, goro yake ci har a isa. In an yi rasuwa ko suna a ƙauyensu, ya je ya dawo a ranar, komai nisa. 'Ya'yansa kuwa ya koya musu kama baki tun kafin su iya ɗaure wando.

Akwai abu ɗaya da ransa ke so, shi ne i'itikafi. Ya shiga masallaci goman ƙarshe na azumi, ya bar duniya da hulunanta a waje. Duk shekara in aka fara shigar da tabarmi, sai ka gan shi a bakin ƙofa yana kallo. Wata shekara liman ya ce masa, "Malam Sallau, bana dai ka shigo mana."

Malamin makarantar nan yana wurin. Ya ce, "Allah gafarta Malam, in Inji ya shigo mu sai mu fita. Ibada muka zo yi, ba surfe ba."

Sallau ya ce, "Malam ya yi gaskiya. Ku dai sa ni a addu'a."

Ya koma ya ci gaba da kai musu kunu da buɗa-baki, yana karɓar hulunansu yana wanke musu na Sallah.

Kada ku ɗauka zaman baƙin ciki ya yi. A'a. Mutum ne mai sakin fuska. Yana da rumfarsa a gindin darbejiya, yana da buroshinsa da sitacinsa da katakan da yake kifa huluna a kai su bushe. In ya kalli kan mutum sau ɗaya ya san lambar hularsa. Tabawa tana yin daddawa tana sayarwa, duk unguwa a wurinta ake saye. Da yamma su shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki su ci tuwo a kwano ɗaya, tana yi masa faɗan bai ci da yawa ba.

Sai shekaru suka fara nuna kansu. Tabawa ta riƙa tashi da ciwon kai. Jininta ya hau. Tana zaune ana hira sai barci ya sace ta. Wata rana tana gaban tukunyar kalwa ta yi gyangyaɗi, wuta ta kama gefen zaninta, Allah ya sa maƙwabciya ta gani. Sallau ya rufe rumfa ya kai ta babban asibiti a wani birni mai nisa, inda ba idon sani. Aka kwantar da ita dare ɗaya da wayoyi a jiki. Ranar Talatar da na faɗa muku ke nan.

Likita ya ce minsharin ba hali ba ne, ciwo ne. In ta yi barci maƙogwaro ke rufewa, iska ta kasa wucewa, zuciya ta yi ta wahala. In aka bar shi haka, wata rana zuciyar za ta gaji. Maganin wata 'yar na'ura ce mai hura iska a hankali ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a fuska. Ya kuma ce ta guji kwanciya rigingine, ta riƙa kwanciya ta gefe. Babbar 'yarsu da ke aure a birni ta sayo na'urar, har da batir saboda ɗaukewar wuta.

Kwanciyar gefe ba baƙuwar Tabawa ba ce. Tun tana yarinya aka koya mata kwanciya a kan dama, tafin hannu ƙarƙashin kunci, kuma ba ta san wata ba. Matsalar takunkumin ce. Wanda ya zo da na'urar babba ne, mai rufe hanci da baki, tiyonsa ya fito ta gaba kamar hancin giwa. In tana zaune lafiya lau. Da ta ɗora kunci a matashi sai matashin ya ture shi, iska ta riƙa tsiyaya ta gefe tana fito, tana busa mata ido. Ta ƙara tamke maɗauri, ta ƙara tamkewa, har karan hancinta ya yi rauni. Kwana bakwai ta cire ta ajiye.

Ta ce, "Malam, gara in mutu da fuskata."

Ya ce, "In kin mutu wa zai riƙa yi mini faɗan tuwo? Akwai wani irin. Mu je wurin Sista ta gwada miki."

Ta ce, "Bakin kasuwa? Gaban bencin nan? Ka kai ni kabari dai."

A duk garin shago ɗaya ne ake sayar da kayan asibiti, na wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, Sista Rifkatu. A ƙofar shagon akwai benci da maza ke zama bayan la'asar, kuma malamin makarantar nan shi ne limamin bencin. Kun ga inda aka tsaya: in ta je, asirin shekara ashirin da bakwai ya tonu a yini ɗaya. In ba a samo takunkumin ba, zuciya na nan tana gajiya.

Sallau ya tafi shi kaɗai. Yana isowa malamin ya ce, "Jama'a, a ba Inji hanya, ya zo gyara."

Ya shiga ya gaida Sista. Ya ce, "Sista, takunkumin na'urar numfashi nake nema. Wanda mai kwanciyar gefe zai ji daɗinsa."

Ta ce, "Kai, madalla. Ai tuni ya kamata ka zo, Malam Sallau. Zauna nan."

Kafin ya buɗe baki ta ɗora masa ma'auni a fuska. Mutanen benci sun leƙo suna kallo. Me zai ce? Sallau hancinsa faffaɗa ne, ga gemu. Ta ba shi mafi girma a shagon. Ya karɓa ya yi godiya. Mutumin da ke sanin lambar hula da ido ya koma gida da abin da tun a shagon ya san ba zai yi ba. Suka gwada duk da haka. Ya haɗiye fuskar Tabawa har gira. Ta dube shi ta cikinsa, ya dube ta, suka fashe da dariya har tana riƙe ciki. Da dariyar ta ƙare, ta share ido ta ce, "Ka bar shi, Malam. Ka yi iyakar yinka."

Bai bari ba. Ya ɗauko zare, ya ce ta zauna. Ya auna faɗin hancinta ya ƙulla. Ya auna daga karan hanci zuwa leɓe ya ƙulla. Ya zagaya kanta ya ƙulla. Washegari ya koma shagon da takunkumin da zaren, ya shimfiɗa zaren a kan tebur.

Ya ce, "Sista, wancan ya yi yawa. Ga awon."

Sista Rifkatu ta ɗauki zaren. Ta dubi ƙulli na farko, ta dubi hancin Sallau. Ta sake duban ƙullin. Ko rabin hancinsa bai kai ba. Mace ce da ta yi shekara talatin tana kwana da marasa lafiya, kuma a wurin Tabawa take sayen daddawa, ta ga tabon nan a karan hancinta kwana biyu da suka wuce. Sallau ya sunkuyar da kai. Mutanen benci suka kasa kunne, ana jira a ji.

Ta ɗaga murya yadda na waje za su ji, ta ce, "Masu gemu kun cika ba mutane wahala." Sannan ta rage murya tana naɗe zaren. "Daddawata ta ƙare. Ka ce wa Tabawa gobe bayan la'asar zan shigo da kwandona."

Ku lura, jama'a. Mai rufa asiri, Allah kan haɗa shi da irinsa.

Ta zo da kwandon, zani a rufe a kai. Aka saki labule. Ta fito da takunkumi iri uku ta jera a kan gado. Tabawa ta gyara zama a bakin gadon, tana miƙa fuska.

Sista ta ce, "A zaune kike barci? Kwanta. Yadda kika saba, a kan matashinki. Malam Sallau, kunna na'urar. Takunkumi ba a zaɓensa a zaune, ba a zaɓensa a kashe. Duk wanda ya ce miki ya yi kyau a madubi, ce masa ba biki za ki ba."

Tabawa ta kwanta a kan dama, hannu ƙarƙashin kunci. Aka gwada mai rufe hanci da baki, ƙarami daidai ita. Ta kwanta, ya goce. Sista ta tambayi Sallau, "In tana barci baki a buɗe yake ko a rufe?"

Ya ce, "A rufe. Sai in numfashin ya tsaya ne take buɗewa."

Ta ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Shekara ashirin da bakwai nake kallo, Sista."

Tabawa ta juyo ta dube shi. Ita duk zamansu ta ɗauka da gaske ne ko tirela ba ta tashinsa. Ba ta san cewa duk lokacin da shirun nan ya yi tsawo, shi ne yake taɓa kafaɗarta ta fizgo numfashi ba. Shi kuwa ya shiga gyara tiyo.

Sista ta ce to ba ta buƙatar mai rufe baki. Aka gwada mai rufe hanci kawai. Ya fi, amma ya zauna a kan raunin, ga tiyon gaba yana ja in ta motsa. Sai na uku, ɗan ƙarami mai taushi da ke zama a ƙarƙashin ƙofofin hanci, babu abin da ya hau karan hanci, tiyonsa kuma ta tsakiyar kai yake fita. Wannan ya zauna. Sai dai Tabawa shuku take kitsawa tun tana budurwa, gashin ya taru tsakiyar kai daidai inda mahaɗin tiyon zai kwanta.

Sista ta ce, "Yaya, ko shuku ko numfashi."

Tabawa ta ce, "Shekara arba'in ina shuku."

Sallau ya ce, "Ni dai ɗankwali nake gani."

A nan take Sista ta zauna ta tsefe mata, ta yi mata kitson da ya kwanta baya. Ta sassauta maɗaurin har yatsa yana shiga, ta ce tamkewa ba ta hana yoyo, ƙara shi take yi. Ta jawo kan Tabawa bakin matashi, yadda kunci zai hau, hanci ya leƙo waje. Sallau ya tsaya yana kallon wannan. Da Sista ta tafi da daddawarta, ya farke matashin, ya rage auduga a gefe guda, ya ɗinke ya bar ɗan lungu daidai wurin hanci.

A daren nan gidan haya ya yi shiru alhali suna ciki, karo na farko cikin shekara ashirin da bakwai. Har wasu suka kasa barci don rashin sabo. Da safe a bakin famfo malamin ya ce, "Barka, Malam Sallau. An sa wa inji takunkumi."

Sallau ya ce, "Alhamdu lillahi. Mun samu sauƙi."

Shekara bakwai suka yi a haka, kuma Tabawa ta ce su ne mafi daɗi. Ciwon kai ya tafi. Ta yi ƙiba, ta koma zuwa biki. Takunkumin yana da 'yan ramuka da iska ke fita, kuma da yake suna fuskantar juna, a fuskar Sallau take sauka. Ta ce ya juya baya. Ya ce mutane kuɗi suke kashewa su sayi fanka. Kullum da safe ya sa batir a cikin jakar huluna ya kai wurin masu caji, da yamma ya dawo da shi. Liman ya ce yanzu sai ya zo i'itikafi da na'urarsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na'urar ba ta kwana a waje." Gaskiya ya faɗa. Har ya koma ga Allah bai yi i'itikafi ko na dare ɗaya ba.

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, baƙi suka watse. A daren da suka watse aka ɗauke wuta. Batir kuwa yana cikin jakar huluna a rataye, ba wanda ya tuna da shi, don mai tunawar ba ya nan.

Malamin makarantar nan a lokacin matarsa ta shekara biyu da rasuwa, barci ya yi masa wuya. Yana kwance idonsa biyu sai ya ji ta bango. An ja, an ja, ɗif, shiru. Sautin da ya sani tun yana da baƙin gashi. Sallau kuwa, malamin da hannunsa ya zuba masa ƙasa.

Ba sai na gaya muku wane ne malamin ba. Kun ji bakina tun ɗazu.

Na zauna a bakin gado har asuba. Na tuna layin famfo, na tuna ƙofar masallaci. I'itikafi goma sha tara na yi a rayuwata, ku tambaye ni abin da na fito da shi. Da safe wani a bakin famfo ya buɗe baki zai yi maganar minsharin daren jiya, na ce masa tun da matata ta rasu barcina ya lalace, a yi haƙuri. Ya rufe bakinsa. Na aika aka karɓo mini jakar hulunan, na kai batir caji. Na ci gaba da kaiwa har Tabawa ma ta bi shi. Kada wani ya yaba mini, ɗaukar batir ba wahala ba ce. Sauran labarin daga bakinta na ji, da bakin Sista. Tabawa ce ta ce bayan ranta in faɗa, in dai zan sakaya suna, don a san an yi mutum.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Rufa wa mutum asiri ba yin shiru kawai ba ne, wani lokaci sai ka ɗauki kunyarsa ka yafa a kafaɗarka, ka yi yawo da ita, kuma kada ka nuna masa tana da nauyi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma kuma rufin asirin da zai bar mutum ya mutu ba rufin asiri ba ne. Sallau ya rufe, kuma ya nemo magani, ya je shago sau biyu, ya zo da zare. Wanda ke da mai irin wannan minsharin a gida, ya daina dariya ya kai shi asibiti. In an ba shi takunkumi bai zauna ba, kada a jefar a ce ba a dace ba. A kwanta a gwada wani, kowace fuska da nata.

Ku kuma masu kai labarin matanku majalisa, girkinta, barcinta, yadda take kuskuren karatu, ina ganinku, don a bencinku na tsufa. Tawa Uwani ba ta yi boko ba, kuma na ci dariya da ita a gaban mutane fiye da yadda zan iya tunawa. Tana ji. Ba ta taɓa tankawa ba. Yau in kun koma gida, ku dubi wanda ke kwana kusa da ku, ku tambayi kanku me yake ɗauke muku da ba ku sani ba. In akwai maganar da ta kamata ku faɗa, ku faɗa kafin a kira isha'i.

Ni shekara talatin da huɗu bango ɗaya ne tsakanina da shi, kullum muna haɗuwa a famfo, kuma ban samu na ce masa ba: Sallau, sunan nan ni na raɗa maka, ka yafe ni.